Shekara Huɗu Bayan Baba: Gardamar Albasa a Karaye

Yau shekara huɗu ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Bawa mai albasa na Aliero. Wata biyu da suka wuce na kammala digirina na uku, kuma tun ranar nake son in rubuta wannan, don rabin aikin nasa ne, duk da bai taɓa zama a ajin boko ba.

Bincikena a kan 'yan ƙasarmu ne da ke fita waje karatun jami'a, su je Sudan ko Masar ko Indiya, da abin da ke faruwa da iliminsu in sun dawo gida. Ranar da na yi wa Baba bayani, ya daɗe yana kallona, ya ce, "Wato ke karatun masu karatu kike yi?" Abin ya yi masa daɗi har ya riƙa faɗa wa duk wanda ya tsaya a gabansa a kasuwar Jega.

A shekara ta biyu aikin ya tsaya cik. Na aika da tambayoyi ta waya, kusan ba wanda ya amsa. Malamin da ke duba aikina ya ce in ban samu mutane ba kafin ƙarshen zango, sai dai in koma farko. Na je gida na ce wa Baba zan bari. Yana cikin ware albasa, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Ɗiyata, mi kike jira? Kin tafi kin gaishe su?"

Ranar kasuwa ya bi mahauta da 'yan hatsi da direbobin tasha yana tambayar wa ke da ɗa da ya yi karatu a waje. Washegari ya goya ni a babur ɗinsa, muka nufi Karaye ta ƙasar Maiyama wajen wani Malam Sani da ya karanto noma a Indiya.

Na kunna waya ina ɗaukar murya, na yi tambayar farko. Malam Sani ya fara bayanin irin ginin da ake adana albasa a can, sai Baba ya ɗaga hannu. "A'a, malam, tsaya. Albasarmu ba ta son wanga gini, ruɓewa za ta yi." Shi ke nan, suka manta da ni. Tun hantsi suke gardama har aka kira la'asar, suna zane a ƙasa da tsinke. A hanyar komawa ina cike da haushi, shi kuwa sai murna yake yi.

Sai da na saurari hirar na gane abin da na samu. A tsakiyar gardamar Malam Sani ya ce tun dawowarsa ba wanda ya taɓa ja da shi a kan abin da ya koyo. Ana girmama shi, amma ba a tambayarsa komai, har ya fara shirin komawa waje. Daga wannan maganar babi mafi ƙarfi a kundina ya fito. Malam Sani kuma bai koma ba. Shi da Baba suka gina rumbu, rabi dabarar Indiya, rabi ta Aliero, kowa yana cewa tasa ce ta yi aiki.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce yau, da matasan Maiyama ke sauraron malaman wata ƙasa ta waya daga ɗakinsu. Ina jin zai yi murna, sannan ya tambayi ko malaman sun san sunayensu. Na kuma tabbata da ya ji ana ce mini Dokta, gwiwarsa zai miƙo mini in duba.

Ya bar mana gona da suna mai kyau, amma abin da na fi gani a jikin mutane shi ne yadda ya ɗauke su da muhimmanci. Ranar walimar kammala karatuna Malam Sani ya roƙi in kunna hirar nan. Muka zauna a tsakar gida tare da Inna, mahaifiyata. Da muryar Baba ta tashi tana kare albasar Aliero, Inna ta yi dariya har da hawaye, ta matso kusa da wayar ta ce, "Malam, bar bawan Allah ya yi magana mana!"

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa.