Malam, Na Ƙi Kayar Da Kai

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, ina cikin sauke siminti daga mota a wurin aiki, 'yarka ta kira ni. Ko gaisuwa ba ta iya yi ba. Ta ce, "Yaya, Baba ya cika." Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa za a koma. Malam, yau kwana tara ke nan, sai yanzu hannuna ya yarda ya riƙe biro. Karatuna bai yi nisa ba, kai ma ka sani, amma ba zan bari ka tafi ba a faɗi ko kai wane ne ba.

Shekara talatin da ɗoriya ka yi kana cin abinci da judo, kokawar nan ta Japanawa, ba ka taɓa ɗaga kofi ba. Aikinka a ƙuruciya shi ne a kayar da kai. Idan zakaru za su tafi gasa, kai ake kira su yi gwaji a jikinka, su ɗaga ka su maka da ƙasa tun safe har la'asar, har suka laƙaba maka suna Buhu. Su aka nuna a talabijin, kai kuwa ka dawo gida da kafaɗar dama wadda ba ta ɗaguwa ta wuce kunne. Ban taɓa jin ka zage su ba. In an tsokane ka da sunan, dariya kake yi ka ce, "Ku je ku tambaye su a bayan wa suka koya."

Da abin da ya rage na jikinka ka buɗe mana ɗakin horo a saman shagon mai gyaran firiji. Katifu sha biyu, uku daga ciki duk faci, da fanka ɗaya mai kuka. Na zo maka ba ni da rigar wasa, ka ciro taka ta biyu, Mama, mai ɗakinka, ta rage mini hannun. Wata shida ba ka koya mini komai ba sai faɗuwa. Da na yi ƙorafi ka ce, "Kai ɗan nan, sauri kake yi ka je asibiti?" Lokacin da aka sallame ni daga aiki saboda na daɗe a wurin horo na makara, kai ka taka da ƙafarka har wurin mai simintin, ka tsaya a rana sai da ya mayar da ni.

Doka ɗaya gare ka wadda ba ta tanƙwaruwa. Ba ka ɗaura wa ɗalibi baƙar ɗamara ta gwanaye, ba ka sa hannu a takardar da ƙungiyar judo ke ba mai koyarwa, sai ya kayar da kai a gaban kowa, bayanka ya taɓa katifa. Mutum huɗu suka yi, duk neman abinci ya watsa su. Ni kaɗai na rage cikin manya.

Tun shekara biyu da suka wuce na san zan iya. Duk Asabar kana kirana tsakiyar fili. In na kama wuyan rigarka ina jin yadda numfashinka ke fita da ƙyar, ina ganin ƙafarka ta hagu tana makara. Sai in sassauta, in bar ka ka share mini ƙafa, in faɗi, yara su tafa. Na ɗauka ba ka gane ba. Wautata ke nan. Mutumin da aka yi shekaru ana jifa da shi, ta yaya za a ɓoye masa faɗuwar ƙarya?

Asabar ta ƙarshe, bayan an watse, ka ce, "Sai yaushe za ka daina raina ni?"

Na ce, "Malam, ni na isa?"

Ka ce, "Tausayin nan naka raini ne. Mako mai zuwa ka maka ni da ƙasa, ko in daina amsa gaisuwarka."

Na ce to. A raina na san ba zan yi ba.

Jiya na je ofishin ƙungiya. Sakatare ya yi mini gaisuwa, ya ba ni kujera, sannan ya faɗa mini abin da na riga na sani. Babu sa hannunka, babu takarda, kuma babu takarda, ba a yarda in tara 'ya'yan mutane in koya musu ba. Sai dai in koma ƙarƙashin wani malami in sake wasu shekaru, alhali mai ginin da ɗakin horon yake ya ba ni zuwa ƙarshen wata in kawo mabuɗi. Ɗalibanka ashirin da uku ne. Iyayensu suna kira suna tambaya ko za a ci gaba, ina ce musu a dai yi haƙuri. Abin da ka gina da ƙashin bayanka, ni na rufe shi da ladabina.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa, Ka gafarta masa kurakuransa. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka hutar da jikin nan da bai taɓa hutawa ba, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Mama, Allah Ya ba ki haƙuri da juriya. Ƙanwata 'yar Malam da sauran 'yan'uwa, Allah Ya tsaya muku, Ya raya bayansa. Ni kuma ku roƙa mini Allah Ya sa Malam ya tafi ba da fushina ba. Tun da muka haɗu abu ɗaya ya taɓa nema a wurina, na hana shi.