Malama Layi-Ɗaya da Gadar Kwari

Haihuwa da asali

An haifi marigayiya, wadda jama'a suka fi sani da laƙabin Malama Layi-Ɗaya, a daminar shekarar 1951, a unguwar ƙetare ta garin da wani kwari mai zurfi ya raba gida biyu: makaranta da asibiti da ofisoshin hukuma a wannan gefe, gidajen talakawa da maƙabarta a wancan. Mahaifinta tela ne, mutum mai ladabi da kunya har abin ya so ya yi yawa. Mahaifiyarta kuwa mai kitso ce, wadda ba a taɓa jin magana ta kwana a cikinta ba. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya bakwai, kuma an yi ittifaƙi cewa ta ɗauko haƙurin uba da bakin uwa.

Karatu

An sa ta makarantar firamare a shekarar 1958. Da rani yaran ƙetare kan gangara cikin kwarin su haura abinsu, amma da damina ruwa kan cika shi maƙil, sai a zauna a gida har ya janye. A shekarar 1964, ranar jarrabawar shiga makarantar gaba, aka wayi gari kwarin yana ambaliya. Yarinyar ta tsaya a bakin gaɓa da fensirinta a hannu, tana hango rufin makaranta tana kuka, har aka tashi daga jarrabawar. Haka ta yi asarar shekara guda cur.

Sakamakon haka mutanen unguwa suka wakilta mahaifinta ya je ya roƙi hukuma ta gina gada. Bawan Allah ya sa rigarsa mafi kyau, ya sami ganin babban jami'in ayyuka, ya durƙusa ya fara gaisuwa: ya aiki, ya iyali, ya gajiya, ya aka ji da ruwa. Bai kai ƙarshe ba jami'in ya dubi agogo, ya yi masa godiyar ziyara, aka rako shi bakin ƙofa. Da ya dawo gida mai ɗakinsa ta tare shi.

"To, me ya ce a kan gadar?"

"Ai ba mu kai nan ba," in ji tela.

"Ikon Allah! Da kekenka ka ɗinke bakin naka?"

Yarinyar tana gefe tana ji, kuma ba ta manta da wannan rana ba har ƙarshen rayuwarta. Ta ci jarrabawar a shekara mai zuwa, ta wuce kwalejin horon malamai, ta kammala a 1972.

Aikin koyarwa

A wannan shekarar aka tura ta makarantar da ta yi, aka damƙa mata aji shida, inda manhaja ta tanadi koyar da rubuta wasiƙa zuwa ga hukuma. Ranar farko da ta ba da aikin, sai ga mahaifinta ya dawo mata a cikin kowane littafi. Yaro zai cika shafi da dubun gaisuwa mai tarin yawa, da fatan mai girma yana lafiya, da iyalinsa, da abokan aikinsa, sa'an nan ya sa hannu ba tare da ya faɗi abin da ya kawo shi ba. Ta bi littattafan da jan biro ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya gaban allo ta kafa dokar da ta zama sunanta.

"Gaisuwa layi ɗaya! Daga nan ka faɗi ko kai wane ne, me ya same ka, me kake so a yi. Ba bara kuka je ba, ba kuma faɗa kuka je ba. Haƙƙinku kuke nema, cikin ladabi."

Ta koya musu inda ake sa adireshi da kwanan wata, da yadda ake kiran mutum da muƙaminsa, da yadda ake ɗora wa wasiƙa kai a ja masa layi. Wani abin da ya bambanta ta da sauran malamai shi ne ba ta yarda da wasiƙar wasa ba. Duk abin da aji zai rubuta sai ya kasance matsala ce ta haƙiƙa, a zaɓi wasiƙar da ta fi kyau, a naɗe ta, yara biyu su kai ofis da ƙafarsu tana biye da su, su kuma tsaya sai an buga musu hatimin shaidar karɓa. Ta wannan hanya makarantar ta sami famfo, aka sake rufin azuzuwa biyu, aka kwashe jujin da ke bayan katanga.

Gada ce kawai ta gagara. Kowace shekara, gabanin damina, aji shida kan rubuta wasiƙar gada, kuma kowace shekara ko dai a yi shiru, ko a amsa da cewa ana duba lamarin. Malama kan karanta wa yara amsar, ta gyara zaman tabarau ta ce, "Wannan dubawa kam, ko allura ce ta faɗa rijiya ai da an gan ta." Aji ya fashe da dariya, ita kuma ta sa a adana kwafi, baɗi a sake.

Aure da zuriya

A shekarar 1974 ta auri wani mai gyaran rediyo da shagonsa ke kallon ƙofar makaranta. Ya tabbata daga bakinsa cewa wasiƙar farko da ya aika mata shafi biyu ce, kuma washegari aka dawo masa da ita an yi mata kaca-kaca da jan biro, a ƙasa an rubuta: me kake so a yi? Ya sake wata mai layi uku, aka amince. Har tsufansa yakan yi alfahari da cewa shi ne kaɗai mai neman aure da aka sa ya yi gyara. Suka zauna a wannan gefe na kwarin, inda makaranta take, cikin rufin asiri da barkwanci, Allah ya azurta su da 'ya'ya biyar, ɗaya ya koma tun yana goye.

Ritaya da shekarun ƙarshe

Ta ajiye aiki a 2007, bayan shekara talatin da biyar, ba tare da an aza ko tubali ɗaya a bakin kwari ba. Wata tsohuwar ɗalibarta ta gaji ajin, ta kuma gaji wasiƙar.

A daminar 2015 ruwa ya ja wata yarinya 'yar aji uku a hanyarta ta zuwa makaranta, da ƙyar aka tsamo ta da karaya a ƙafa. Da labari ya iske Malama sai ta yi kukan da iyalinta ba su taɓa ganin irinsa ba, tana cewa ta gaza, ta ɓata wa yaran mutane tawada a banza. Magajiyar tata ta ji wannan magana ta yi mata ciwo, ta bi tsofaffin ɗalibai gida gida tana faɗa musu. Kafin wata ya ƙare wasiƙu suka yi ta kwarara ofishin ayyuka, daga direbobi da magina da ma'aikatan jinya da matan aure, kowa da rubutun hannunsa da nasa dalilin, amma duk zubinsu ɗaya: gaisuwa layi ɗaya, sai gada. Jami'in wannan lokaci, wanda baƙo ne a garin, ya tambayi wanda ya koya wa mutanen nan rubutu, aka kwatanta masa gidan.

A nan ne fa abin mamaki ya faru. Ganin babban mutum ya sunkuyo cikin ɗakinta, sai jinin tela ya motsa. Malama ta rikice, ta sa a shimfiɗa darduma, a kawo ruwa, ta shiga gaisuwa: ya hanya, ya aiki, ya iyali, ya baƙunta, ya aka ji da jama'a. Jami'i yana amsawa, har ya fara satar kallon agogo. Maigidanta, da ke zaune a gefe da wata tsohuwar rediyo a cinya, ya yi gyaran murya.

"Malama, layi ɗaya dai!"

Ta yi turus, ta rufe baki da gefen mayafi, dariya da hawaye suka zo mata tare. Sa'an nan ta miƙe zaune sosai.

"Ranka ya daɗe, ni tsohuwar malamar aji shida ce. Kwarin nan ya ci mini shekara guda, ya kusa cin ran yarinya. Muna so a gina gada."

An fara aikin a 2017, aka kammala a ranin 2018. A lokacin ciwon ƙafa ya kwantar da ita. 'Ya'yanta suka nemi su kai ta a mota ta gani, ta ce a bari tukuna, gadar da aka haye da rani ba a san amfaninta ba, ita sai ruwa ya cika za ta haye.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa da safiyar wata Laraba cikin watan Agusta na 2018, tana da shekara sittin da bakwai, bayan an kwana ana ruwa. A da, idan aka yi rashi a irin wannan rana, sai an jira kwari ya janye kafin a kai mamaci makwancinsa. A ranar ba a jira ba. Bayan an sallace ta, ɗalibanta suka ɗauki makarar suna karɓa-karɓa, suka nufi maƙabarta a ƙetare, suka hau gada ruwa yana ruri a ƙarƙashinsu. Da aka kai tsakiya aka ji tsohon mai gyaran rediyo, wanda jikoki ke riƙe da shi, yana cewa a hankali, "To, ga shi kin haye, Malama." An binne ta kusa da kabarin mahaifinta.

Ta rasu ta bar mijinta da 'ya'ya huɗu: babbar, wadda ungozoma ce a asibitin gari, mai bi mata, direban babbar mota, sai wanda ya gaji shagon rediyo, da auta, malamar aji biyu. Ta kuma bar jikoki goma sha ɗaya, da ɗalibai da ba wanda ya san adadinsu.

Buƙatarmu a kanta ba ta da tsawo, kuma za mu faɗe ta kai tsaye yadda ta koyar: ya Allah, baiwarka ce, ta yi wa yaranmu hidima, muna roƙo Ka jiƙanta, Ka haye da ita lafiya.