Ranar da Malam Sule Ya Kai Ajinsa Kan Ruwan Tiga

Bana shekara ashirin ke nan da rasuwar abokina Malam Sule, wanda yaran garinmu suka laƙaba wa Malam Nawun. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. Tare muka taso, tare kuma muka koyar a firamare ɗaya a gefen ruwan Tiga, shi Turanci, ni lissafi. Har yau in na ji yara suna rera karatu ta tagar aji, sai in waiwaya ina neman dogon mutumin nan mai farin alli a hula.

Ga wanda bai san yankinmu ba, a farkon shekarun saba'in aka gina dam ɗin Tiga, ruwa ya cinye tsohon garinmu, aka tashe mu zuwa kan tudu. Ina nan aka yi tashin, da kaina na ja akuyoyin gidanmu. Sule kuwa yana kwalejin horon malamai. Ya tafi ya bar gari da kasuwarsa da kabarin mahaifiyarsa, Inna Hajo, ya dawo ya tarar da ruwa iya ganin ido. Bai taɓa ɗaga maganar ba, ni ma ban taɓa sosa masa ita ba.

Da aka turo mu makarantar sabon gari, Sule ya kama Turanci da hannu biyu. Zai buga tebur ya ce noun shi ne suna, na mutum ko na wuri ko na abu. Verb ita ce kalmar aiki. Adjective kuwa sifa ce, mai faɗin yadda abu yake. Ya maimaita safe, ya maimaita rana, har laƙabin Nawun ya bi shi kasuwa. Matsalar ita ce misalan littafin duk jirgin ƙasa ne da manyan shaguna, abubuwan da yaranmu ba su taɓa sa wa ido ba. Ina yawan tsokanarsa cewa ajinsa ya fi kowane gida daɗin barci a garin.

Wajen ƙarshen shekarun saba'in sai aji ya fara ramewa. Manoma ne da aka mayar masunta da rana tsaka, kowa na neman hannun da zai taya shi gyaran koma. Amma babban dalilin shi ne Baba Audu, mai unguwarmu. Wata rana jikarsa Talatu ta koma gida tana rera sunayen abubuwa da Turanci, ya tambaye ta sunan unguwar da aka haife ta a tsohon gari, ashe ba ta sani ba. Washegari ya cire jikokinsa kaf, sauran magidanta suka bi sahu. Da muka je ba shi haƙuri, ko tabarma bai sa an shimfiɗa mana ba.

"Gwamnati ta nutsar da garin," in ji shi, "yanzu kuma ta aiko ku ku goge sunansa daga bakin yara. Kuma wai da ɗan Hajo za a yi wannan aikin."

Na ga maganar ta soki Sule. Ana cikin haka ofishin ilimi ya aiko cewa in zangon ya ƙare aji babu yara, za a rufe makarantar a haɗa ta da wata mai nisa. Kowa ya san ma'anar hakan: yaran garinmu sun yi sallama da boko ke nan, don babu uban da zai tura ƙaramin yaro wannan tafiyar kullum. Ni mai zafin kai ne, na ce mu kai ƙara wajen dagaci. Sule ya ce in bar shi ya yi tunani.

Rani ya yi nisa, ruwa ya ja baya, kawunan giginyun tsohon gari suka leƙo. Wata la'asar Sule ya ja ni muka koma wajen Baba Audu. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, ba maganar makaranta ce ta kawo ni ba. So nake a nuna mini inda Inna take. Ba na nan aka tashi, in na dubi ruwan nan ban san ta inda zan fuskanta in yi mata addu'a ba."

Tsohon ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, "Jibi da hantsi. Ka nemo kwalekwale."

"'Yan yaran da suka rage mini za su biyo ni, in ka yarda. Su ma ba su san garin ba."

"Ruwan ai ba nawa ba ne," in ji Baba Audu.

Har gobe ban sani ba ko dabara ce Sule ya yi ko kewar uwa ce ta ci ƙarfinsa. Na fi zaton duka biyun ne, kuma ban ga laifinsa ba.

Ranar tafiya yaran da aka cire ma suka cika kwalekwalen iyayensu, har da Talatu. Ni da ban san ruwa ba sai na buta, na ƙanƙame gefen jirgi ina ta salati, yara na yi mini dariya. Da muka kai giginyun, Baba Audu ya fara nuni da sandarsa. Nan Marina ce. Can Kukar Maƙera. Gaba kaɗan Rijiyar Ladi. Duk wurin da ya ambata, sai Sule ya sa yara su maimaita, ya ce wannan noun ne. Ya tambayi tsohon abin da ake yi a wurin, tsoho ya ce rini, ƙira, ɗiban ruwa. Sule ya ba su kalmomin da Turanci ya ce ga verb. Ya tambaya yaya rijiyar take, tsoho ya ce mai zurfi ce, ruwanta sanyi ƙalau. Ga adjective ta samu. Mutumin da ya shekara yana ɗaure mana fuska sai ga shi yana ba da labari har yana kwaikwayon muryar maƙeri.

Daga nan ya sa aka karkata gabas, ya ɗaga hannu aka tsayar da filafilin tuƙi. Babu itace, babu wata alama, ruwa ne kawai.

"Sule, ga maƙabarta nan. Hajo tana daga gefen nan, kusa da inda tsamiya take. Da hannuna na sa ta."

Malam Nawun ya sunkuya gefen kwalekwalen. Ya sa tafin hannunsa a kan ruwan, hawaye na zuba a gemunsa. Baba Audu ne ya ja addu'a, mu da yara muka shafa. A tsawon zamanmu ban taɓa jin tausayin mutum kamar na wannan hantsin ba.

Ranar Litinin tsohon ya koro jikokinsa da kansa har bakin aji. Sharaɗinsa ɗaya ne, duk rani in ruwa ya ja a sake fita da yara. Sule ya riƙe alkawarin har bayan rasuwar Baba Audu, har ƙafa ta hana shi shiga jirgi. Ba a rufe makarantar ba. Talatu ma malamar asibiti ta zama.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Makarantun kuɗi sun cika bakin titi daga Bebeji zuwa Tudun Wada, kowacce da allon talla mai kuskuren Turanci. Na tabbata da sai ya sauka daga mota ya nemi alli. Jikokina suna latsa waya suna rubuta wani abu da ba Hausa ba, ba Turanci ba. Zai yi faɗa, na san shi. Amma ina jin bayan faɗan zai tambaye su sunan unguwar kakansu, kuma a nan ne zai gane ko an yi asara.

Bai bar gidan bene ba, bai rubuta littafi ba. Abin da ya bari sai ka je bakin ruwa za ka ji shi. Masunta na cewa sun zuba koma a Marina, ko kifi ya taru a Kukar Maƙera, har waɗanda aka haifa bayan dam. A ranin da ya wuce na daure na shiga kwalekwalen Hadi, ɗaya daga cikin yaran wancan ajin, yanzu shi ma da furfurarsa. Muna cikin tafiya sai ya ɗaga filafili ya ɗora a cinya, a wurin da ban ga komai ba sai ruwa.

"Lafiya, Hadi?"

"Malam, ai wajen Inna Hajo ne. Ba ma wucewa sai mun yi addu'a." Ya buɗe tafukansa, ya ƙara da cewa, "Tun da Malam Nawun ya rasu, har da shi muke haɗawa."