Juma'a Ta Biyar

Agwagin sun zo gidanmu ne a cikin buhu, a bayan keken Baba, ina aji biyar na firamare. A lokacin muna haya a Panshekara, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, Baba kuma yana aiki a wani kamfanin jima a Challawa. Wani abokin aikinsa, mutumin wajen Haɗejiya, shi ya ba shi su, mace da toro.

Umma ta leƙa buhun ta yamutsa fuska.

"Malam, duk kajin duniya ba ka gani ba sai waɗannan ƙazamai?"

"Kyauta ce."

"To wa zai dinga wanke musu kashi?"

Duk suka juyo suka kalle ni. Ni dama ba mai magana ba ce. Ko a aji in malama ta kira sunana, sai ta ce in maimaita sau biyu kafin ta ji.

Kwana uku da zuwansu suka sulale ta rariya suka faɗa babbar kwatar bayan layi, wadda ruwan kamfanoni ke bi. Ruwan nan wata rana shuɗi ne, wata rana baƙi, warinsa kuwa kullum ɗaya. Suka dawo ƙirjinsu ya rine, toron yana ta girgiza kai. Baba ya wanke su da ruwan rijiya, ya toshe rariyar da ragar waya, ya tsaga wata tsohuwar jarka gida biyu ya ce ga koginsu nan. Daga ranar ni ce mai canza ruwa, safe kafin makaranta da kuma bayan la'asar.

A bakin jarkar nan na san su. Ba sa kuka irin na kaji, sai huci da kaɗa wutsiya. In na dama musu dusa da ƙanzon da aka jiƙa, sai su cika baki su ruga ruwa, su dawo, su sake rugawa. Na gane in ruwan bai kai ya rufe musu hanci ba, sai ramukan hancin su toshe da dusa. Sai na riƙa cika jarkar har baki, na kuma matso da kwanon abincin kusa da ita.

Da damina ta kusa, macen ta fara ƙwai a lungun bayan randa. Da suka kai goma sha uku ta fige gashin ƙirjinta mai laushi ta shimfiɗa, ta kwanta. Ranar Juma'a ce, Umma ta lura. Ita a ƙauye ta tashi cikin kaji, kuma lissafinta bai taɓa ɓata ba: Juma'a uku, sai 'yan tsaki.

Ni kuwa in na dawo makaranta sai in zauna a kan turmi da littafina, ina kallon lungun. Sau ɗaya agwagwar take tashi a yini. Takan ja gashin nan ta lulluɓe ƙwan, ta ci, ta yi wanka, ta koma da ɗan danshi a jikinta, ta bi su da baki tana juyawa. Amma akwai guda ɗaya da take turowa gefe. In na mayar da shi, washegari in tarar da shi a waje. Sai na ɗiga masa gawayi don in tabbatar ko shi ɗin ne. Shi ne kuwa, kullum.

Juma'a ta uku ta wuce shiru. Ta huɗu ma ta zo.

"Baragurbi ne," in ji Umma bayan an sauko daga masallaci. Haka ake kiran ƙwan da ya lalace a gurbi bai ƙyanƙyashe ba. "Tun kafin su fashe su cika mana gida da ɗoyi, gara a zubar. Ita ma ta rame a banza."

Ta jira agwagwar ta tafi wanka, ta miƙa hannu ta ɗauki wanda ya fi kusa, ta kai kunne ta girgiza, sannan ta buga shi a bakin rariya. Warin da ya tashi sai da maƙwabciyarmu ta yi magana ta katanga.

"Lafiya, maman yara? Ko kamfanin ne ya tare a gidanku?"

"Ƙwan agwagwar Malam ne! Ke, ɗauko min bokiti."

Na ɗauko bokitin. Amma a ɓawon da ke ƙasa na hango ɗigon gawayina.

"Umma."

"Miƙo mana."

"Umma, wannan dama ita ta ware shi."

"Me kika ce? Buɗe baki."

Na ɗauko ɓawon da tsinke na nuna mata. Na ce sati biyu ke nan tana turo shi waje, sauran kuwa kullum sai ta juya su. Na ce in ta san marar kyau, ai ta san masu kyau. Ban taɓa jera magana mai tsawon haka a gabanta ba. Ta tsaya tana kallona, hannu ɗaya a kan hanci.

"Yanzu ke za ki koya min kwanci?"

"A'a, Umma. Ku dai ƙara mata Juma'a ɗaya."

Ta ajiye bokitin. "Ɗaya tak. In suka fashe, ke za ki wanke lungun, har randar."

Da Baba ya dawo aka ba shi labari, ya ce zai tambayi mai kyautar. Washegari ya shigo yana dariya tun daga zaure. Wai mutumin ya riƙe ciki ya ce, "Ku Kanawa komai kaza! Agwagwa ai sai ta yi Juma'a biyar."

"Bahaɗeje ne zai faɗa min?" in ji Umma. Amma na lura da yamma ita da kanta ta yanka ganyen latas ta zuba a kwanon.

Ranar Alhamis na ga ɗan tsagu a jikin ƙwai biyu. Na so in ɓare musu, Umma ta buge min hannu ta ce ba a yi, ko na kaza ne. Ranar Juma'a da na dawo makaranta na tarar da ita tsugune a bakin lungun, ta manta tukunya a wuta.

"Zo ki ƙirga, idonki ya fi nawa."

Goma sha ɗaya, rawaya da ratsin baƙi, suna leƙowa ta ƙarƙashin fiffike. Ɗaya bai fito ba.

Na janye jarkar, don ta yi musu zurfi. Na zuba ruwa a faranti na jera ƙananan duwatsu a ciki, yadda za su tsoma baki ba su jiƙe jiki ba. Na sake duba ragar rariyar, na ga wata kafa da ɗan yatsana ke shiga, na cusa tsumma.

Maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambayar ko an zubar da ƙwan.

"Wane irin zubarwa?" in ji Umma. "Ke ba ki san agwagwa Juma'a biyar take yi ba?"

Ta ɗan kalle ni ta wutsiyar ido. Na sunkuyar da kai, na ci gaba da dama dusa.