Kwanon da mahaifiyata ta aike ni da shi

Shekarun baya, ina aji biyar a lakwal, wato makarantar boko, a garinmu Gure, wani kumburi ya fito mini a muƙamuƙi. An ɗauka haƙori ne. Daga asibitin garinmu aka tura mu Damagaram, daga can aka ce sai Yamai, a nan ne aka gaya wa mahaifina cewa ciwon daji ne. Na sha magani ta jijiya har gashina ya zube, sannan aka sallame mu, aka ce mu koma bayan wani lokaci.

Da muka iso gida, mahaifiyata ta shimfiɗa mini katifa a ƙuryar ɗakinta, ta ce in kwanta. A wurinmu haka ake nuna wa majiyyaci ƙauna: ba ya ɗaga ko tsinke. Ruwa a baki ake ba ni, buta a kawo mini har bakin shimfiɗa. Mata su shigo dubiya, su ce sannu, su fita. 'Yan ajinmu kuwa sau ɗaya suka zo, suka tsaya a bakin ƙofa suna kallon ɗankwalin da na rufe kaina da shi. Daga baya na ji iyayen wasu sun hana su, wai kada su ɗauka.

Ni da ma ba mai magana ba ce, sai na koma kallo. Na san kowace azara ta rufin ɗakin nan, na san wadda gara ta fara ci. Na san lokacin da hasken taga ke sauka kan tulu, daidai lokacin da ake buga ƙarfen lakwal yara su fito hutu. Ina jin ihunsu daga nesa, ina ƙoƙarin raba muryoyin, in ce wannan wance ce.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya da aka turo garinmu daga yamma, mai Hausa a karkace, tana zuwa duba ni. Ran nan ta ce in tashi ta ga tsayina. Na dafa bango na miƙe, sai gwiwoyina suka lanƙwashe kamar ba nawa ba, na zube.

Ta dubi mahaifiyata ta ce, "Yaushe rabonta da fita tsakar gida?"

"Tun dawowarmu, Madam. Ai ba na barin ta ta wahala."

"To kwanciyar nan ce ke cinye mata ƙafafu. Magani yana nasa aikin, amma ƙarfi sai ta motsa. Kullum ta taka kaɗan, da safe ko da la'asar. Ranar da take zazzaɓi ta huta. In ta gaji ta zauna. Amma in kika ci gaba haka, ciwon zai tafi ya bar miki yarinyar da ba ta iya zuwa lakwal da ƙafarta."

Mahaifiyata ta ce, "Madam, a ga yarinya a wannan hali tana yawo? Me za a ce da ni a unguwa?"

"Su ce. Ƙafafun nasu ne?"

Ba wanda ya yi mini bayani. Washegari kawai mahaifiyata ta ajiye butar a bakin ƙofa, ta ce, "Ga ta nan, ki zo ki ɗauka." Na jira ta dawo. Ba ta dawo ba. Bayan kwana uku ta ce in kai wa awaki dusa a bayan ɗaki. Bayan mako biyu ta zuba tuwo a ƙaramin kwano, ta ce in kai wa wata tsohuwa da ke gida na huɗu daga namu.

Wanda ya san Gure ya san yashinmu. Ƙafa tana nutsewa, sai ka cire ta kamar kana ciro ta daga cikin turmi. Nakan tafi ina bin katanga, kwano a hannu biyu, ina kallon sawun tsaka da na buzuzu a ƙasa don kada in haɗa ido da kowa. Tsohuwar ta karɓa ta ce, "Ke ce yau 'yar aike? To zauna ki numfasa, kada ki mace mini a zaure a ce tuwona ne." Ita kaɗai ke yi mini ba'a a lokacin, kuma ina jin daɗinta.

Wata rana ina dawowa na ji maƙwabciyarmu ta katanga tana cewa, "Haba, ke kuwa! Duk yaran gidan nan ki rasa wanda za ki aika sai wannan? Ki ji tsoron Allah."

Mahaifiyata ta amsa da wata murya da ban san ta da ita ba. "Ƙiwuya ce ta yi mata yawa. Ta tafi."

Na gaskata. A shekaruna na lokacin, abin da na fahimta shi ne ta gaji da ni. Ban gaya wa kowa ba, don ba ni da wanda zan gaya wa. Na shiga ɗaki na juya fuskata bango, ina ta fushin da ba wanda ya ma lura ina yi.

Sai ranar da na faɗi. Da la'asar ce, na kai tsakiyar hanya ƙafar hagu ta ƙi fitowa daga yashi, na kife, miya ta malale. Mata biyu da ke wucewa da tulu suka yi salati. Na waiga gida. Mahaifiyata na tsaye a bakin zaure, hannu ɗaya ta riƙe ƙyaure, ɗayan ta cusa gefen mayafinta a baki. Ɗaya daga matan ta ce mata, "Ba za ki zo ki ɗauke ta ba?" Ba ta motsa ba. Ta ɗaga musu hannu kada su taɓa ni.

Na daɗe a durƙushe. Sannan na dafa ƙasa, na kafa gwiwa ɗaya, na miƙe. Na ɗauki kwanon na koma gida da shi, yashi har cikin haƙorana. Ta karɓa, ta wanke, ta sake zuba tuwo, ta miƙo mini. Na karɓa. Na sake tafiya, na kai.

Mun koma Yamai sau biyu bayan haka, Allah ya sa maganin ya karɓe ni. Da aka buɗe lakwal bayan damina na maimaita aji biyar, cikin yaran da ba su san ni ba, amma da ƙafata na je.

Sai da na yi aure na haihu na iya tambayarta abin da ya hana ta fitowa ran nan. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Da na ɗauke ki ranar, da har yau ina ɗauke da ke."

Har yanzu in na tuna watannin nan, kaɗaicin ne ke fara zuwa mini, kuma ina ganin da an zaunar da ni an gaya mini dalili, da na rage kuka. Yara masu jinya suna ji, suna kuma fassara abin da ba a faɗa musu ba. Amma ban ƙara ɗauka ni kaɗai ce ke cikin kaɗaici a gidan ba. Ni ina da tsohuwa mai tsokanata a ƙarshen hanya. Ita unguwa guda ta zage ta, 'yarta na fushi da ita, ta tsaya a bakin zaure ita kaɗai.