Cinyar da Na Mayar Ƙasan Kwano

Ranar Laraba ce da hantsi, a ranin shekarar da nake aji biyar, cikin tsakiyar shekarun tamanin, mahaifinmu ya dawo daga Kano da wata farar kaza a kwandon tumatir ɗin da ya kai kasuwa. Ba mu taɓa ganin irinta a ƙauyenmu na kusa da Kura ba. Kazar gidan gona ce, ƙatuwa, ko gudu ba ta iya yi. Ya sayo ta ne domin Yaya Hadiza, babbar yayarmu, wadda ta zo gida wankan jegon ɗanta na fari.

Girkin mai jego a gidanmu na Gwaggo Talatu ne, yayar mahaifinmu. Babu suna ko biki a unguwar da ba a zuwa a roƙe ta ta tsaya a kan tukunya. Sai dai a wannan shekarar yanar ido ta fara rufe mata gani, ba ta kuma so a sani, don haka ni nake tsayawa kusa da ita in na dawo daga makaranta. Ni nake ɗebo ruwa a kanal, hanyar ruwan noman rani, ni nake tura karan alkama a murhu, ni nake gaya mata abin da idonta bai kai ba.

Kajinmu na gida sai an daɗe ana dafa su kafin a soya. Amma maƙwabta da suka zo kallo suka yi ta cewa wannan ba ta son wuta, narkewa take yi. Gwaggo ta yarda da su, ta yanka ta manya-manya ta zuba cikin man gyaɗa kai tsaye. Wutar karan alkama kuwa tashi take yi bal-bal ta mutu, sai saman naman ya yi ja tun cikinsa bai ji wuta ba.

Rabon yara a kaza kai ne da ƙafa. Da Gwaggo ta shiga ɗaki ɗauko yajin jego, sai na zari cinya na gatsa. Nan take na ga jikin ƙashin jajir, ruwan jini na tsattsafowa. Na tofar a toka, na tura cinyar can ƙasan kwano, na danne ta da sauran naman.

Gwaggo ta dawo da tsinke ta soki ƙirji, kamar yadda ta saba, ta ce, “Asabe, ara mini idonki. Ruwan fari ne ko ja?” Na duba, na ce fari ne. Fari ɗin ne kuwa, domin ƙirji ta soka. Na sani sarai cewa in na ce ta gwada cinya, shaidar haƙorana za ta taɓa. Na zaɓi amsar da ba ƙarya ba ce, kuma har yau ban ga rashin gaskiyar da ya kai wannan amsa muni ba.

Yaya Hadiza ta ci naman, washegari da rana amai da gudawa suka kwantar da ita. Aka sa ta a motar masu kwasar tumatir aka kai ta asibiti, ta kwana uku a can, nononta ya ɗauke, jariri yana ta tsala kuka ana ɗiga masa ruwa da cokali. Allah ya sa ta tashi, nonon ma ya dawo. Amma an riga an buɗe ragowar naman an ga jini. Mahaifinmu, cikin ladabin ƙane, ya ce da Gwaggo, “Yaya, ido ya gaji. Ki huta da murhu haka nan.” Ba ta yi musu ba, ba ta kuma ce da kowa ni ta tambaya ba. Maganar ta zaga unguwa. Daga nan duk sunan da aka yi, tana zaune a tabarma ake kawo mata nata a rufe, kamar baƙuwa.

Yanzu kajin gidan gona sun cika kowace kasuwa daga Bunkure har Garun Mallam, 'ya'yana kuma sun san ba a sauke kaza sai an tsaga ta har ƙashi an ga ruwa ya fito garau. Sun san dokar, ba su san inda na samo ta ba. Nakan yi marmarin tsakar gidan nan da muryar da take neman aron idona. Shekara huɗu Gwaggo ta yi bayan haka, kullum ina cewa gobe zan faɗa mata. Ta rasu tana zaton hannunta ne ya gaza.