Ƙarfen da Ke Kashe Tauraro

Ƙanwata ta riga ni gaya wa Baba cewa a cikin tauraro aka dafa ƙarfe. Abin ya ci mini rai a ranar, kuma ko yanzu da nake rubutawa bai daina ba. Mai ganin ƙanƙantar abin ya gani, ni dai nawa aka ɗauke.

Baba maƙeri ne a Mawashi. Ni ce 'yar farinsa, kuma kafin maza su taso ni ke zama bayan zuga-zugi. Tun ina ƙarama na san ƙarfe in ya yi ja bai nuna ba, sai ya wuce ruwan ɗorawa ya doshi fari sannan Baba ya cafko shi da awartaki. Wannan zugar ce ta hana ni boko. Lokacin da ƙanwar tawa, autarmu, ta isa makaranta hannu ya wadata a maƙera, sai aka saya mata jaka da takalmi, ta yi ta tafiya har Zariya.

Ga kuma alkunyar ɗan fari. Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Ke" ce ni, in da wani yake magana kuma "waccan". Ba ya yaba mini a gaban mutane, ba ma zaman hira. Na san al'ada ce, ba ƙiyayya ba. Sanin bai taɓa rage mini zafi ba in na ga auta tana ja masa gemu yana dariya, yana ce mata "uwata", don sunan mahaifiyarsa ta ci.

Sai da na fara aurar da 'ya'ya na shiga ajin manyan mata a Kankiya, inda nake aure. Da muka yi nisa, malamar kimiyya ta kawo mu kan taurari. Ta ce iska ce da ƙura ke taruwa a sararin sama, nauyinsu ya yi ta matse su har tsakiyar ta kama zafi, shi ke nan an haifi tauraro. Ta ce jajayen su ne masu ƙarancin zafi, farare da masu shuɗi-shuɗi sun fi su. Saura kaɗan in miƙe tsaye a aji. Ai wannan maƙerar Baba ce! Ta ci gaba, ta ce babban tauraro yana haɗa ƙananan sinadarai su koma masu nauyi, daga wannan zuwa wancan, har ya kai ga ƙarfe. Daga nan sai mutuwa: cikinsa ya rufta, ya fashe, ya watsar da duk abin da ya tara. A irin wannan tarkacen duniyarmu ta samu ƙarfenta.

Na ɓoye maganar nan ban gaya wa kowa ba, ko maigidana. Ina tuƙa tuwo ina bitarta, ina neman yadda 'yar fari za ta buɗe baki gaban ubanta ba a ce ta yi fitsara ba. Na tsara cewa in mun je gida da Sallah zan kai masa fura maƙera, in tsaya kamar wutar nake kallo, in sako zancen. Ba wani abu nake nema ba. Ya ɗago kai ya dube ni ya ce, "Ashe?" Shi ke nan.

Sallar ta faɗo gab da damina, garemani sun taru, don haka ko washegari ƙannena maza ba su huta ba. Bayan la'asar na dama fura na nufi rumfar. Na tarar auta ta baje kan buhun gawayi da leshinta mai tsada, tana ɓare gyaɗa.

"Tsoho, ka san ƙarfen nan da kuke duka ya girme duniya?" in ji ta.

"Tafi can. Ya girme ki dai."

"Wallahi kuwa. A cikin tauraro aka yi shi."

Ina tsaye da ƙwarya a hannu ta zayyane masa komai, har da batun ja da fari, tana yi tana hura ɓawon gyaɗa. Abin da na yi watanni ina lallaɓawa, ita ko zama ba ta gyara ba. Baba ya ture hula baya.

"Ikon Allah! Ashe can ma ƙira ake yi. Kai, ku ajiye masabar nan ku ji abin da uwata ta zo da shi."

Na dire ƙwaryar har fura ta fantsama.

"Yaya, ku ba a koya muku wannan a makarantarku ba?" ta tambaye ni, da zuciya ɗaya, abin da ya ƙara ƙona ni ke nan.

"Mu ai ba mu wuce baƙi da wasali ba," na ce.

Baba ya dubi garwashi, can ya ce, "To uwata, ni wutata ba ta taɓa mutuwa don na sa mata ƙarfe ba. Shi tauraron mi ya sa ƙarfe ke kashe shi?"

Auta ta yi dariya. "Tsoho, wannan an daɗe da muka yi shi, ni yanzu magani nake bayarwa a asibiti. Bari in koma inda akwai sabis, zan duba maka a waya."

Bai gamsu ba. Na san fuskar, ita yake yi in ƙarfe ya ƙi lanƙwasa. Ya waiga yana neman wanda zai amsa, idonsa ya bi ta kaina ya wuce. Na tuna malama ta ce duk haɗin da ake yi kafin ƙarfe zafi yake bayarwa, shi kuwa ƙarfe sai dai ya sha zafin. Amma dalilin ya kuɓuce mini, kuma Baba ba a kai masa rabin magana, zai jefo tambaya ta biyu da ta uku. Na ja bakina. Auta dai jibi za ta tafi, kuma wayarta ba ta mantuwa ko da ita ta manta; da ta samu sabis za ta sake riga ni.

Da gari ya waye ko koko ban tsaya sha ba. Na ce wa Inna na yi mantuwa a gidana, na tari ɗan kabu-kabu zuwa Kankiya. Makaranta tana hutu, sai na yi ta tambaya har aka nuna mini gidan malama. Ta fito da goyo, tsintsiya a hannu.

"Hajiya, lafiya da sassafe haka?"

"Lafiya lau, Malama. Ajiye tsintsiyar nan ki sake mini bayanin ƙarfe daga farko, a hankali. Kafin azahar nake son komawa Mawashi."